"Gidan wane" ba takardar mallaka ba ce

Ranar wata Talata da hantsi kawuna ya kira ni a waya, muryarsa ba yadda na saba jin ta ba. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kana ina? Zo ka karanta min wata takarda, an ce daga kotu take." Kawu tela ne, ya haura shekara 60, kuma a iya sanina ko caji ofis bai taɓa takawa ba, balle gaban alƙali. Na same shi a shago ya dakatar da ɗinki, takardar na kan teburin keke ya danne ta da almakashi, hannunsa na rawa. Sammaci ne. Hukumar tara kuɗin shiga ce ta kai ƙararsa, wai tana binsa harajin gida na shekara 7 haɗe da tarar jinkiri, jimilla sama da naira 300,000. Lambar gidan da sunan layin suna nan rubuce raɗau.

Ya san gidan sarai. Ya yi zaman haya a cikinsa shekara 11, a nan aka haifi uku daga cikin 'ya'yansa. Amma ya tashi tun shekara 9 da suka wuce, kuma ko bulo ɗaya bai taɓa mallaka a cikinsa ba. Mai gidan na asali ɗan kasuwa ne da ke zaune a kudu. Da ya rasu magada suka sayar, wanda ya saya ma ya sake sayarwa. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni da har yau nake biyan haya, yaushe na yi gida ban sani ba?"

Sai da muka je wajen mai unguwa muka gano bakin zaren. Ya ce ya tuna lokacin da wasu samari suka shigo unguwar da riguna masu tambari da manyan littattafai, suna bin layi-layi suna rubuta lamba a jikin ƙofofi. Ba su nemi mai unguwa ba, ba su nemi takardar kowa ba. Duk ƙofar da suka tarar a rufe sai su tambayi mai shayi ko yaran da ke ƙwallo, "Gidan waye wannan?" Aka ce musu gidan tela ne. Suka nemi cikakken suna, aka ba su, suka rubuta. Daga littafin sunan ya shiga kwamfuta, daga kwamfuta ya koma bashi, daga bashi ya zama sammaci.

Yaran ba su yi ƙarya ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Idan Bahaushe ya ce "gidan wane", kwatance yake yi. Gidan liman, gidan mai goro, gidan Hajiya mai ƙosai, gidan direba: wanda aka saba gani yana fitowa daga ƙofar ake nufi, ko wanda ya fi daɗewa a ciki. Sunan kan manne wa gida ko da mutumin ya tashi, ko ya rasu da shekara 20. A unguwarmu akwai gidan da har gobe ake kira da sunan wani malamin makaranta da ya koma garinsu tun ina firamare. Kowa ya san wannan a cikin gari. Abin takaici shi ne hukumar da ke da ikon gurfanar da mutum a kotu ta ɗauki kwatancen bakin layi ta mayar da shi hujjar mallaka.

Ba ina cikin masu cewa kada a biya haraji ba. Gari ba ya ginuwa da fatar baki. Magudanar ruwa, kwashe shara, fitilun titi da asibitin unguwa duk kuɗi suke ci, kuma jihohin Arewa sun daɗe suna zaman jiran kason wata daga Abuja. Harajin gida ma yana cikin mafi adalci, don gida ba ya ɓuya, kuma mai bene a unguwar masu hali ya fi mai ɗaki biyu ikon biya. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa ƙiyasta gidajen jama'a don sanya musu haraji cikin ayyukan ƙananan hukumomi, bisa abin da majalisar jiha ta tsara. Jihohi kuma suna karɓar kuɗin ƙasa na shekara-shekara daga masu takardar shaidar mallaka. Duk wannan doka ce, ban da ja a kai. Abin da nake ja a kai shi ne wanda zai ɗauki nauyin kuskure. Gwamnati ce ke riƙe da rajistar filaye, ita ke da ma'aikatar ƙasa da safiyo, ita ke ba da takarda, ita ke sa hannu. Idan ba ta san mai gida ba, aikinta ne ta nemo shi kafin ta buga sammaci. A halin da ake ciki, ita ke yin kuskuren, talaka ke biyan kuɗin gyara. An bar jaki ana dukan taiki.

Mutanenmu sun san haraji tun kafin zuwan Turawa, sun kuma san zafinsa. A zamanin En'e, a ƙasar Kano, malaman taki ne ke auna gonaki da ƙafa su rubuta abin da kowa zai biya, dagatai da masu unguwanni su tattara. An sha wuya a wannan tsari, an daki mutane, an shanya su a rana, shi ya sa da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979 talakawa suka yi murna. Ba na kewar wancan zamani ko kaɗan. Amma akwai abu ɗaya da ba za a ƙwace masa ba: mai karɓa ya san wanda yake karɓa a hannunsa. Mai unguwa ya san mai gida, ya san baƙo, ya san wanda aka ba aron ɗaki. Yau an kawo kwamfuta da hoton tauraron ɗan'adam, ana iya ƙirga rufin kowane gida daga sama, amma hoton rufi ba ya faɗar sunan mai shi. An ajiye mutumin da ya sani a gefe, an ɗauko yaron da aka yi wa horon kwana uku aka ba shi littafi.

Akwai kuma batun 'yan kwangilar tara haraji. A wurare da dama kamfani ake ba aikin ƙidaya da bin bashi, ladansa kuma kaso ne daga abin da ya tara. Wanda ake biya haka, yawan sunaye a littafi ne ribarsa. Layin da ya bari babu suna asara ce gare shi, sunan da ya rubuta ba daidai ba kuwa babu abin da zai rage masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da labari ya bazu a dangi, shawara iri biyu aka kawo wa kawu, kuma duka biyun da ya bi da ya shiga uku. Wasu suka ce ya share, tunda gidan ba nasa ba ne ina ruwansa. Wannan ita ce shawarar da ta fi haɗari. Kotu ba ta san gaskiyar da ke cikin zuciyarka ba, abin da ke gabanta take gani. Idan an shaida mata cewa sammaci ya iso hannunka kuma ba ka zo ba, tana iya sauraron mai ƙara shi kaɗai ta yanke hukunci a bayan idonka. Daga nan magana ta tashi daga "ana zarginka da bashi" ta koma "kotu ta tabbatar". Ana iya zuwa a kwashe kayan shago, ana iya neman izinin taɓa asusunka na banki. Akwai hanyar neman a jingine irin wannan hukunci, musamman idan ba a kai wa mutum sammaci yadda doka ta tanada ba, don sashe na 36 na tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma Kotun Ƙoli ta sha rushe shari'ar da aka yi ba tare da isar da sammaci ba. Amma warware hukunci ya ninka kare kai tun farko wahala da kashe kuɗi.

Wasu kuma, cikinsu har da yayarsa, suka ce a haɗa kuɗi a je a sasanta, a ba da rabi a zauna lafiya. Na fahimci tsoronta. Mu mutane ne masu ganin zuwa kotu abin kunya ne ko da kai ke da gaskiya, kuma tana gudun a ce an ga ƙaninta a gaban alƙali da furfurarsa. Na ce mata, "Inna, in ya biya ko naira ɗaya, da sunansa za a rubuta rasit. Baɗi in sun dawo, wannan rasit ɗin za su nuna masa su ce ai ka amsa naka ne." Ga kuma wata fitinar: wanda ya sayi gidan yanzu in ya ji wani na biyan haraji a kan gidansa, me zai zata? Rigimar fili da yawa daga irin wannan ƙaramar takarda suke tashi.

Muka ɗauki lauya, wani matashi mai haƙuri. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Baba, kana da rasit ɗin haya?" Allah ya taimake mu kawu mutum ne mai adana takarda. A cikin wata tsohuwar adaka, ƙarƙashin katin rigakafin yara da takardun makaranta, muka samu rasit guda 8, wasu sun yi ja don tsufa, wasu tawadar ta kusa gogewa, kowanne da sa hannun wakilin mai gida da kalmar "kuɗin haya". Lauyan ya jera su a kan tebur ɗaya bayan ɗaya yana shafa su da tafin hannu don su miƙe. Muka ƙara da wasiƙar mai unguwa mai hatimi, da takardar hayar gidan da kawu ke ciki yanzu, da takardar rantsuwa da ya yi a kotu cewa bai taɓa mallakar gidan ba kuma ba ya zaune a ciki. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin dokokin wasu jihohi sun yarda a nemi kuɗin a hannun wanda ke zaune a gidan ko da ba nasa ba ne. Saboda haka cewa "ba nawa ba ne" kaɗai ba ya isa, sai ka nuna a shekarun da ake magana ba ka ciki. Lauyan ya kuma biya kuɗin binciken fayil a ma'aikatar ƙasa. Sunan da aka tarar a fayil na marigayin nan ne, mai gidan farko. Ciniki biyu aka yi bayansa, babu ko ɗaya da ya isa rajista.

Sau huɗu muka je kotu. Zaman farko lauyan hukuma bai zo ba, aka ɗage. Na biyu ya zo ya ce bai ga takardunmu ba, aka ɗage. Na uku alƙali na wani taro. A na huɗu, da alƙali ya tambayi lauyan hukuma wace hujja ke gare su cewa gidan na wanda ake ƙara ne, sai ya ɗaga takardar da aka buga daga kwamfutarsu. Alƙali ya ce wannan ai jerin sunayenku ne, ina takardar mallaka, ina takardar ciniki? Babu. Aka cire sunan kawu daga ƙarar. Duka zaman bai kai minti 15 ba.

Ka'idar da alƙalin ya bi ba baƙuwa ba ce ga kowane Bahaushe da ya taɓa zama a zauren malam: hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. Dokar shaida ta 2011 ma a sashe na 131 abin da ta ce ke nan, wanda ya yi iƙirari shi zai tabbatar. Tun 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, Kotun Ƙoli ta zayyana hanyoyi 5 na tabbatar da mallakar ƙasa: tarihin gado, takardun mallaka, ayyukan da mai abu kan yi a kan abinsa tsawon lokaci, daɗewar riƙo, da mallakar filin da ke maƙwabtaka. Idan ɗan ƙasa sai ya bi ɗaya daga cikin waɗannan kafin kotu ta yarda gida nasa ne, bai dace hukuma ta liƙa masa gida da abin da bai kai haka ba don kawai kuɗi take nema.

Mun yi nasara, in ana kiran wannan nasara. Kuɗin lauya, kuɗin rantsuwa, kuɗin binciken fayil, kuɗin mota, da kwana huɗu da shago ya yi a rufe ana dab da sallah, lokacin da tela ke samun na shekara. Da muka lissafa, abin ya tasam ma kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka ce ana binsa. Babu wanda ya mayar masa da ko kwabo, babu wanda ya ce masa yi haƙuri. Shi ma yana da ɗan'uwa mai karanta Turanci da sanin inda ake samun lauya. A bencin kotun na zauna kusa da wata dattijuwa riƙe da irin takardarmu, an rubuta sunan mijinta da ya rasu, a kan gidan da ta ce an sayar tun yana raye. Ita kaɗai ta zo. Na gaya mata akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 don marasa hali, akwai kuma Hukumar Sauraron Ƙorafe-ƙorafen Jama'a. Ta ce ba ta taɓa jin sunansu ba.

Na san abin da ma'aikatan haraji za su ce, kuma ba duka ne ƙarya ba. Za su ce kowa aka kama sai ya ce gidan ba nasa ba ne. Za su ce masu kuɗi na sayen gidaje da sunan direba ko jariri don ɓoye dukiya. Za su ce mu ne ba ma rajistar ciniki. Na ƙarshen nan gaskiya ce tsagwaronta. Yawancin cinikin gida a garuruwanmu a zaure ake yi: dillali, shaidu biyu, mai unguwa, takarda ɗaya da aka rubuta da biro, a yi addu'a a raba goro. Filayen awon igiya kuwa ba su ma taɓa shiga taswirar gwamnati ba. Kwamitin gyaran dokokin ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya sha nanata cewa abin da aka yi wa rajista a ƙasar Nijeriya bai wuce kashi 3 cikin 100 ba.

To amma me ya hana mutane rajista? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, sashe na 22 kuma ya ce mai takardar gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardarsa. Kotun Ƙoli ta ƙara ɗaure wannan a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Neman yardar nan kuwa duk wanda ya taɓa yi ya san ɗaukar Dala ba gammo ne: kuɗin yarda, kuɗin hatimi, kuɗin rajista, takardar shaidar biyan haraji, ga fayil da kan yi watanni a kan tebur ɗaya. Kaduna ta kafa KADGIS, Kano na da KANGIS, wato hukumomin da ke rajistar filaye a kwamfuta, kuma an samu sauƙi a wasu fannoni, ba na musun haka. Sai dai har yanzu mai gida ɗaki uku a bayan gari yana ganin hanyar ba tasa ba ce. Gwamnatin da ta tsawwala rajista ba ta da bakin kuka da cewa rajistarta ta tsufa.

Kuma kada a ɗauka matsalar ta talakawa ce kaɗai. A watan Maris na 2025 ministan Abuja Nyesom Wike ya amince da soke takardun filaye 4,794 saboda rashin biyan kuɗin ƙasa na shekara 10 ko fiye. A watan Mayu aka fara garƙame gine-gine, ciki har da Wadata Plaza, hedikwatar jam'iyyar PDP, da wani ofishin hukumar tara haraji ta tarayya ta wancan lokaci, FIRS. Game da Wadata, jami'an Abuja sun ce sunan da ke fayil ɗinsu ba na jam'iyyar ba ne, na wani mutum ne daban. A lokacin, jam'iyyar da ta mulki ƙasar nan shekara 16 tana zaune a ginin da rajista ba ta san ta a ciki ba. Bambancin shi ne su suna da murya: kafin gari ya waye Shugaba Tinubu ya sa baki aka ba da wa'adin kwana 14. Tela ba shi da wanda zai buga wa waya.

Abin da nake nema ba mai wuya ba ne. Kada a shigar da ƙarar harajin gida sai an haɗa ta da sakamakon binciken fayil ko wata takarda da ke danganta mutumin da gidan, kuma magatakardan kotu ya ƙi karɓar duk wadda ta zo babu. Kafin kotu ma, a kai wa mutum takardar neman biya hannu da hannu, da Hausa da Turanci, a ba shi kwanaki ya zo wani tebur da aka ware ya ce ba nawa ba ne, kyauta, ba sai da lauya ba. A dawo da masu unguwanni cikin aikin ƙidaya, su sa hannu a kan kowane suna, su kuma amsa tambaya in an samu ƙarya. Idan kotu ta gano an kai wanda ba shi ba, hukuma ta biya shi abin da ya kashe, a cire daga kason kamfanin da ya rubuta sunan. Ranar da kuskure ya fara cin aljihun mai yin sa, ranar za a fara ƙwanƙwasa ƙofa a jira mai amsawa. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 sun tanadi ofishin mai sauraron koken masu biyan haraji a matakin tarayya. Ya kamata majalisun jihohinmu su yi irinsa a kusa da jama'a, inda mai keken ɗinki zai iya zuwa da ƙafa.

Sannan a buɗe wa mutane ƙofar gyara suna cikin rahusa, ko da na shekara ɗaya ne, a karɓi takardar zaure mai shaidu da hatimin mai unguwa a matsayin mafari. Magada da masu saye da yawa za su fito da kansu, don babu mai son gidansa ya ci gaba da zama da sunan mamaci.

Akwai abin da ban faɗa ba game da hukuncin. Alƙali ya cire sunan kawu daga ƙarar, amma bai ba da umarnin a cire shi daga kwamfutar hukuma ba, don ba a roƙe shi hakan ba, mu ma ba mu san ana roƙa ba. Lauyan ya rubuta musu wasiƙa daga baya, muka kai da kanmu, aka buga mana hatimin karɓa a kan kwafi. Bayan wata 10 sai ga wani yaro a kan babur ya tsaya a ƙofar shago da sabuwar takardar neman biya, gida ɗaya, suna ɗaya, an ƙara kuɗin shekara guda a kai. Wannan karon kawu bai kira ni ba. Ya buɗe aljihun keke ya ciro kwafin hukuncin, wanda ya sa aka liƙe masa da leda don kada ya yage, ya miƙa wa yaron. Yaron ya karanta ya ce, "Baba, ni aike aka ba ni, sai dai ka je ofis." Ya je sau biyu, an ce masa mai gyara suna a kwamfuta ba ya nan. Ranar Litinin mai zuwa tare za mu koma.